Ƙwaryar Nono da Kansar Hanji: Magana Daga Bata

Duk wanda ya tsaya a Bata da tsakar rana, inda Fagge ta haɗa kafaɗa da Sabon Gari, zai ga yadda cimar Kanawa ta sauya ba sai an ba shi labari ba. 'Yan talla suna kutsawa tsakanin adaidaita-sahu da lemon roba da biskit da burodi mai sosej a ciki. Masu shayi sun jera katan-katan na taliyar leda, ana soyawa da ƙwai tun safe har dare. Daga Singa 'yan dako suna fitowa da buhunan sikari da fulawa da katan ɗin madarar gari, za a loda su zuwa ƙauyuka har da ƙetaren iyaka. In la'asar ta yi sanyi, sai hayaƙin tukubar tsire da balangu ya tashi. Can a gefe kuma, a inuwar da ta samu, ga Fulani masu tallan nono zaune da ƙwarya da faifai da ludayi, suna dama fura yadda iyayensu suka dama. Suna nan ba su ɓace ba, amma ɗan kasuwar Kwari da mahaifinsa ya shekara 30 yana kashe yunwar rana da fura da nono, shi yanzu ya fi aiken yaro ya sayo masa lemo mai sanyi da wani abu soyayye. Wasu suna ganin wannan sauyi ci gaba ne, wasu ko lura ba su yi da shi ba. Ni ina ganin asarar lafiya ce, kuma hujjar da masana suka tara a shekaru 20 da suka wuce game da madara da kansar hanji ta isa ta sa mu daina ɗaukar ƙwaryar nan a matsayin abin marmari, mu mayar da ita cikin abincin yau da kullum.

Kansar hanji, wadda wasu ke kira sankarar hanji ko dajin hanji, babban hanji take kamawa da kuma dubura. Galibi takan fara da ɗan tsiro a bangon hanji daga ciki, ba ya ciwo, ba ya hana mutum cin tuwonsa, yana nan yana girma a hankali har shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama kansa. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutane kusan miliyan 1.9 ne suka kamu da ita a duniya, wajen 900,000 suka rasu. Ita ce ta uku a yawan kamu, ta biyu a yawan kisa. A Najeriya ƙiyasin sabbin kamu a shekarar ta 2022 ya haura 8,000, ta zo ta huɗu bayan kansar mama da ta furostet da ta bakin mahaifa. Ita ce ta yi sanadin ɗan ƙwallo Pele a Disambar 2022, ita ce kuma ta ɗauke ɗan fim ɗin Amurka Chadwick Boseman a Agustan 2020 yana da shekara 43 kacal. Lissafin namu kuwa an gina shi ne a kan rajistar kansa ta wasu 'yan birane, wato a kan waɗanda suka isa asibiti aka gano abin da ke damunsu. Wanda ya rame ya ƙare a gida ana cewa basir ne ya ci ƙarfinsa, babu wanda ya rubuta shi.

A Janairun 2025 mujallar Nature Communications ta buga sakamakon wani bincike na Jami'ar Oxford a ƙarƙashin jagorancin Dakta Keren Papier. An bi rayuwar mata 542,778 a Birtaniya na tsawon sama da shekara 16, aka auna nau'o'in abinci da sinadarai 97 da suke ci, a cikin wannan lokaci mata 12,251 suka kamu da kansar hanji. Da aka tace, abubuwa biyu ne suka fi fitowa fili. Giya tana ƙara haɗari, kalsiyam yana rage shi. Ƙarin miligiram 300 na kalsiyam a rana, gwargwadon abin da ke cikin babban kofin madara guda, ya zo tare da raguwar haɗarin cutar da kashi 17 cikin 100. Madara da yogot sun nuna wannan alama, cuku da askirim ba su nuna ba. Abin lura kuma shi ne kalsiyam da aka samu daga ganye da sauran abincin da ba na dabba ba shi ma ya nuna irin wannan kariyar, abin da ya sa masu binciken suka karkata ga cewa sirrin madara a nan kalsiyam ne.

Da wannan bincike shi kaɗai ne, da sai a ce a jira. To ba shi kaɗai ba ne. Asusun binciken kansa na duniya mai hedikwata a Landan, wanda aikinsa shi ne tattara duk binciken da aka yi a kan abinci da kansa ya auna nauyinsu, ya riga ya yanke tun a rahotonsa na 2018 cewa akwai hujja mai ƙarfi da ke nuna kayan madara suna kare mutum daga kansar hanji, ya kuma ƙiyasta raguwar kashi 13 cikin 100 ga duk giram 400 a rana. Sannan akwai bayanin yadda abin yake faruwa a cikin jiki, wanda hankali ke iya kamawa. In mutum ya ci abu mai maiƙo, maɗaciya takan zubo ruwanta don narkar da shi. Ragowar wannan ruwa da ragowar kitse suna gangarawa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya ke juya su su zama masu caccakar bangon hanji. Kalsiyam yakan kama su ya ɗaure, su zama kamar sabulun da ba ya narkewa, su fita tare da bayan gida ba su yi ɓarna ba. Masu binciken Oxford sun ƙara da wata hujja ta gado: mutanen da aka haifa da ƙwayar halittar da ke ba su damar narkar da madara har girmansu, waɗanda saboda haka suka fi shan ta, sun fi ƙarancin wannan cuta. Wannan hujja tana da daraja ta musamman, domin ƙwayar halitta ba ta san mai kuɗi ko talaka ba, ba ta san mai motsa jiki ko malalaci ba, rabo ne da mutum ke zuwa da shi tun daga ciki.

Wajibi ne a faɗi girman amfanin yadda yake, kada a kambama shi. A cikin matan Oxford, kusan 23 cikin kowace 1,000 ne suka kamu a tsawon shekarun binciken. In aka rage kashi 17 cikin 100, za a koma wajen 19 cikin 1,000. Ga mutum ɗaya wannan ba garkuwar ƙarfe ba ce, mai shan nono kullum yana iya kamuwa, wanda bai taɓa sha ba yana iya tsira. Amma lafiyar jama'a da dubbai ake lissafinta. Mutum 4 cikin kowace 1,000, a birni mai miliyoyin mutane kamar Kano, gidaje ne masu yawa da ba za a sayar da fili ko a rufe shago don biyan kuɗin tiyata da allurar kansa ba. Kuma abin da ake nema a yi bai wuce abin da muka gada ba.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa, kuma ya cancanci a saurare shi. Zai ce duk wannan kallo ne aka yi daga nesa. An ga masu shan madara sun fi lafiya, amma wa ya sani ko don sun fi hali ne, ko sun fi kula da kansu? Zai ƙara da cewa da aka gwada abin kai tsaye, sakamakon bai fito yadda ake fata ba. Gaskiya ne. A babban gwajin da aka yi wa mata 36,282 a Amurka, wanda aka buga a 2006, an ba rabinsu ƙwayar kalsiyam da bitamin D, rabin kuma ƙwayar da ba komai a ciki, bayan shekara 7 ba a ga bambanci a yawan kansar hanji ba. Farfesa John Baron ya samu a 1999 cewa ƙwayar kalsiyam ta ɗan rage dawowar tsiron hanji ga waɗanda aka taɓa cire musu shi, amma da ya maimaita gwajin da mutane masu yawa, sakamakon 2015 bai nuna hakan ba. Ba na ganin daidai ne a ɓoye waɗannan. Sai dai a duba su da kyau. Cutar da ke ɗaukar shekara 10 zuwa sama kafin ta bayyana, shekara 7 ta yi kaɗan a gane ko an tare ta. Kuma matan Amurkan nan tun kafin a fara gwajin suna samun sama da miligiram 1,000 na kalsiyam a rana daga abincinsu da magungunan da suke sha, to ƙara wa tulun da ya cika ruwa ba zai nuna komai ba. Darasin da na ɗauka daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne amfanin yana wajen wanda ke da ƙaranci, kuma a abinci ya kamata a neme shi tsawon rayuwa. Bai kamata kowa ya karanta wannan ya tafi kemis ya sayo kwalbar ƙwaya ba tare da likita ya rubuta masa ba.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafi na biyu, wanda ya fi yawa a bakin mutanenmu: ai binciken Turawa ne a kan jikin Turawa, ina ruwan Bakano? A wani ɓangare mai wannan magana yana da gaskiya, domin irin wannan dogon bincike na bin dubban mutane shekara da shekaru aiki ne da ya kamata Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su samu kuɗin yin irinsa a kan cimarmu. Amma maɗaciyar Bature da ta Bahaushe ruwa iri ɗaya suke zubarwa, kalsiyam kuma aiki iri ɗaya yake yi a hanjin kowa. Bugu da ƙari, nazarin da aka yi a kan ƙasashen duniya ya nuna yawancin ƙasashen Afirka da aka auna suna samun tsakanin miligiram 400 zuwa 700 ne a rana, ƙasa sosai da na Arewacin Turai. In amfanin ya fi yawa ga mai ƙaranci, to mu ne muka fi kowa buƙatar jin wannan labari.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan zurfi. Mutanen karkarar Afirka da yawa ba su taɓa zama masu shan madara sosai ba, amma kansar hanji ba ta dame su ba. Likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Kampala ta Uganda, shi ya ja hankalin duniya ga wannan a 1971, ya danganta shi da yawan dusa da harzar da ke cikin abincinsu na hatsi da ganye da wake. A 2015 Farfesa Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya gwada abin a aikace: ya ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mazauna karkarar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu 20, ya musanya musu abinci na sati 2 kacal. Amurkawan da suka koma cin masara da wake da ganye, alamomin haɗarin kansa a bangon hanjinsu suka ragu, ragowar ruwan maɗaciyar nan mai caccaka ta yi ƙasa. 'Yan karkarar da aka ɗora wa soyayyen nama da abinci mai maiƙo marar dusa, nasu alamomin suka tashi. Wannan ba ya rushe maganar madara, yana nuna mana ne cewa kariyar da kakanninmu suka samu daga gero da dawa da tafiyar ƙasa tana zubewa da zarar an shigo birni an koma farar fulawa da farar shinkafa da zaman shago daga safe zuwa magariba. A nan ne hikimar fura da nono take bayyana. Gero hatsi ne da asusun nan na Landan ya sa irinsa cikin masu kare hanji, muddin ba a surfe shi an raba shi da dusarsa gaba ɗaya ba, nono kuma ga kalsiyam. Abubuwa biyu da bincike ya tabbatar wa amfani a kan wannan cuta, sun haɗu a ƙwarya ɗaya tun kafin a san sunan kalsiyam.

To amma mutane da yawa za su ce madara tana ɓata musu ciki, tana sa kumburi da ƙugi da zawo. Wannan ba raki ba ne, kuma a ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin binciken farko a kansa. A 1971 Norman Kretchmer na Jami'ar Stanford da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun auna yadda ƙabilun Najeriya ke narkar da laktos, wato sikarin da Allah Ya halitta a cikin madara. Sun samu cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har girmansu, kusan duk manyan Yarbawa da Ibo ba sa iyawa, Hausawa ma da yawa ba sa iyawa. Ke nan a Bata, inda waɗannan al'ummomi duka suke cuɗanya a kasuwa ɗaya, shawarar a riƙa shan babban kofin ɗanyar madara kullum ba za ta yi wa kowa daidai ba. Sai dai al'adarmu ta riga ta samo mafita. Ba ɗanyar madara muka saba sha ba, nono muka saba sha, wanda ya kwana ya yi tsami. Ƙwayoyin da ke sa shi tsami sukan cinye wani kaso na laktos ɗin, sukan kuma taimaka wa ciki ya narkar da sauran, kalsiyam ɗin kuwa yana nan bai je ko'ina ba. Shi ya sa mutumin da shayi mai kauri ke tayar wa ciki yakan sha kindirmo ya zauna lafiya, musamman in an dama shi da fura. Akwai ma masu ganin ƙwayoyin tsamin kansu suna da nasu amfanin. Wani bincike na masanan Harvard da ya fito a Fabrairun 2025 ya ga alamar haka ga masu shan yogot sau 2 ko fiye a mako, amma a kan wani nau'i guda na cutar ne kawai, don haka ban ɗora nauyin hujjata a kansa ba.

Inda maganar ta fi tsauri shi ne a tambayi wace madara ake nufi, domin ba duk farin abu ne nono ba. Najeriya ba ta samar da rabin abin da take buƙata, hukumomi da kansu suna cewa ana kashe wajen dala biliyan 1.5 duk shekara wajen shigo da kayan madara, kuma babban kaso na abin da ke zuwa Arewa ta Singa yake bi. Yawancin madarar garin da talaka ke saya an cire mata man shanunta ne aka maye gurbinsa da man ja da aka tace, saboda ta fi araha. Wannan ba ta kai cikakkiyar madara ba, amma a batun da muke kai tana da sauran amfani, domin kalsiyam ɗinta yana nan. Matsalar tana wajen farin garin da ake kira kirima, wanda asalinsa sikarin sitaci ne da man itatuwa, ana auna shi a mudu ko a ƙulla a leda, mai saye yana ganin madara ya saya alhali kusan babu kalsiyam a ciki. Haka madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, wadda kusan rabinta sikari ne. Haka kuma robobin da aka rubuta wa yogot, waɗanda zaƙinsu ya fi tsaminsu yawa. Ko furar da ake markaɗawa a inji a shagunan zamani, in aka zuba mata sikari ludayi-ludayi, an ba da kariya da hannun dama an karɓe da na hagu, tunda ƙiba tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji. A nan hukumar NAFDAC tana da aiki: abin da ba madara ba kada a bari a sayar da shi da sunan madara, kuma a rubuta bayanin da Hausa yadda mai saye a Singa zai gane.

Ita ma ƙwaryar Bafulatana tana da nata sharaɗin. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, ta sa mutum doguwar masassara da ciwon gaɓoɓi. Ruwan da ake sirka tsala da shi da ƙanƙarar da ake jefawa a ciki, in ba masu tsabta ba ne, suna iya kawo taifot da amai da gudawa. Mai cewa gara ya sha lemon kwalba da ya sha cuta, tsoronsa yana da tushe. Amsar ita ce a gyara nonon, kuma gyaran ba gagarau ba ne. Kindirmo na asali da tafasasshiyar madara ake yin sa, matan Fulani sun san wannan tun fil azal. Abin da suka rasa shi ne ruwa mai kyau, da wurin sanyaya madara kusa da ruga, da mazubi mai murfi, da likitan dabbobi da zai duba garke. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manufar bunƙasa harkar madara a Yunin 2024, ta kafa ma'aikatar kiwo a Yulin 2024, jihar Kano kuma ta ƙaddamar da shirin noma da kiwo da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, wanda cibiyoyin tattara madara ke cikin ayyukansa. Ana yi wa waɗannan kallon maganin rikicin manoma da makiyaya ko hanyar rage kashe dala. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta gane cewa nata ne su ma. Saniyar Bunaji da ƙyar take ba da abin da ya wuce lita 2 a rana, to duk abin da zai ƙara mata nono, ya kai shi gari da tsabta a farashin da ɗan dako zai iya, rigakafi ne.

Akwai ƙorafi ɗaya da ya shafi maza, kuma ba zan tsallake shi ba. Asusun nan na Landan da ya yaba wa madara a kan hanji, shi ne kuma ya ce akwai 'yar alama, wadda ba ta kai ƙarfin waccan ba, cewa yawan kayan madara da kalsiyam mai yawa suna iya ƙara haɗarin kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Saboda haka ne bai fitar da umarnin kowa ya ƙara shan madara ba. Tunda wannan kansa ita ce ta fi kama maza a Najeriya, dole a yi hattara. Amma alamar ta fi bayyana ne a al'ummomin da ke shan madara da cin cuku safe da rana da dare. Mutumin da ke samun ƙwarya ɗaya a yini yana nesa da wannan mataki. Wanda kuma hankalinsa bai kwanta ba, ko aljihunsa bai kai ba, yana da wata ƙofa, tunda kalsiyam na ganye ma yana aiki. Garin kuka yana cikin ganyayen da suka fi kowanne kalsiyam, ga zogale, ga rama, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya. Tuwon dawa miyar kuka da furar gero da nono, waɗanda yaran birni ke kira abincin ƙauye, sun fi abin da ake turo musu ta tagar adaidaita-sahu kusa da shawarar masana.

Binciken Oxford bai tsaya a kan abin da za a ƙara ba, ya faɗi abin da za a rage, kuma Bata ta san su duka. Giram 20 na barasa a rana, abin da bai kai babbar kwalbar giya ɗaya ba, ya zo da ƙarin haɗari na kashi 15 cikin 100. Wannan saƙo ne ga duk mai sha, ko a fili a mashayar Sabon Gari ko a ɓoye. Giram 30 na jan nama da naman da aka sarrafa a kullum, 'yan yanka kaɗan ke nan, ya zo da ƙarin kashi 8 cikin 100. Tun Oktoban 2015 cibiyar Lyon ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai a sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa, cikin misalanta har da busasshen naman Afirka ta Kudu, wanda ɗan'uwan kilishi ne. Ba ina cewa a rushe tukuba ba ne, sana'a ce ta gado da ke ciyar da gidaje. Amma tsire da balangu a da abin ranar kasuwa ne da ranar samu, yanzu ga mai hali sun zama na kowane dare, har da ɓangaren da ya ƙone ya yi baƙi. Ƙwaryar nono da rana ba za ta goge wannan ba.

Abin da na fi tsoro game da labarin madara shi ne ya faɗa hannun masu lasifika. A kewayen Bata da 'Yankura da tashoshin mota, motocin masu maganin gargajiya suna yini suna shelar maganin basir, mai tsiro da mai jini da na ciki, kuma kusan duk abin da ya sami Bahaushe daga cibiya zuwa ƙasa sunansa basir. Ba wuya gobe a ji ana cewa Turawa sun gano nono yana maganin daji. Ba su gano haka ba. Duk hujjar da aka kawo a kan rigakafi ce ga mai lafiya, babu ko ɗaya da ta nuna madara tana warkar da tsiron da ya riga ya fito. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, irin su Farfesa Olusegun Alatise, sun daɗe suna nuna cewa masu wannan cuta a Najeriya sun fi na Amurka ƙarancin shekaru, cutar ta fi kama su a dubura, kuma yawancinsu ba sa isa asibiti sai ta yi nisa. A inda ake gano ta da wuri, kusan 9 cikin 10 suna wuce shekara 5 da rai. In ta riga ta bazu zuwa hanta ko huhu, waɗanda ke kaiwa haka ba su cika 2 cikin 10 ba. Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45 tun 2021, ko mutum ba ya jin komai. Mu da ba mu da irin wannan tsari, alamomi ne jagoranmu: jini a bayan gida, ko bayan gida ya koma baƙi, sauyin yadda mutum ke zagayawa da ya wuce 'yan makonni, jin kamar bai gama ba bayan ya gama, rama babu dalili, ƙarancin jini da kasala, ko kuma a ce uba ko uwa ko ɗan'uwa na jini ya taɓa yin cutar. Basir na gaskiya yana nan, kuma shi ne ya fi yawa, amma ido ba ya bambance jininsa da na kansa, kunya kuma ta sa magidanta da matan aure da yawa sun shekara suna shan jiƙo. Likita a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano zai fara ne da tambayoyi da dubawa da yatsa, in ya ga dalili ya tura a leƙa hanjin da siririyar kyamara. In aka tarar da tsiron bai rikiɗe ba, sau da yawa a wannan zaman ake cire shi, mutum ya koma gida a ranar.